Muhawara: Ƙwallo za ta iya tayar da wanda yaƙi ya raba da ƙafarsa?

Abu Safiyya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana cin raina, ina so masu sani su warware mini. Duk ƙasar da aka yi yaƙi, sai ka ga ƙungiyoyin agaji sun tara samarin da aka yanke wa ƙafa, an raba musu riguna da sanduna, an ce su buga ƙwallo. A ɗauki hoto, a ce wasan yana dawo musu da ƙarfin zuciya. Tambayata ita ce: mutumin da nakiya ta raba da ƙafarsa, sana'arsa ta tsaya, 'ya'yansa suna kallonsa, ƙwallo ce damuwarsa? Ba gara a haɗa kuɗin a yi masa ƙafar roba a ba shi jari ba? Wallahi ba don raini na faɗa ba, so nake a fahimtar da ni.

Baba Alhaji:
Wa alaikumus salam. Abu Safiyya, ka riga ni a baki. Wasa na wanda ya ƙoshi ne. A fara da abin da zai riƙe iyalinsa tukuna.

Anti Mai Gashin Ƙashi:
Baba, da girmanka, zan ɗan saɓa maka. Aikina ke nan, ni ce nake karɓar mutum bayan likitan tiyata ya gama nasa. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, wannan harka ba masu ɗaukar hoto ne suka ƙirƙiro ta ba, daga asibiti ta fito. A 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Birtaniya ta damƙa wa wani likita, Ludwig Guttmann, sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila. Shi kansa ɗan gudun hijira ne, Bayahude da ya tsero daga Jamus a 1939. A wancan zamanin sojan da lakarsa ta taɓu ba ya daɗewa, gyambon kwanciya da ciwon mafitsara ne suke ƙarasa shi, don haka kwantar da su kawai ake yi ana jiran ta Allah. Guttmann ya ƙi yarda da wannan. Ya sa ana juya su a kan gado dare da rana, ya sa su motsa jiki, ya sa su wasa a kan keken guragu. Ran 29 ga Yulin 1948, ranar da aka buɗe gasar Olamfik a Landan, ya shirya gasar harbin kibiya ta mutum 16 a harabar asibitin. Wannan ƙaramar gasa ce ta girma, har a 1960 aka yi gasar naƙasassu ta duniya ta farko a Rum, da 'yan wasa wajen 400 daga ƙasashe 23.

Shi a wurinsa wasan yana cikin magani, kamar allura da wankin ciwo. Ni ma haka nake ganinsa. Kuna maganar ƙafar roba, to ku sani ƙafar roba ba ta tafiya da kanta. Tana son ƙugu mai ƙarfi, da baya mai ƙarfi, da numfashi, domin mai ƙafar roba ya fi mai ƙafa biyu kashe ƙarfi a tafiya, musamman wanda aka yanke daga saman gwiwa. Wanda ya kwanta ya saki jiki, gwiwarsa ko ƙugunsa yakan ƙage a lanƙwashe, ko an kawo ƙafar ba za ta zauna daidai ba. Sau da yawa ƙafa mai tsada tana jingine a bayan ƙofa, mai ita ya daina sawa.

Baba Alhaji:
To 'yata, ai motsa jiki kike nufi. Wannan a asibiti ma kuna yi musu. Me ya kawo ƙwallo da alƙalin wasa da kofi?

Saje Mai Ritaya:
Baba, bari in amsa wannan, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ƙafata ta hagu daga ƙasan gwiwa nakiya ta ɗauke ta a bakin aiki.

Motsa jikin asibiti na yi shi, amma yi nake don an ce in yi. Da aka sallame ni na koma gida, sai na tarar da abin da ban shirya masa ba. Ba wulaƙanci na gani ba, tausayi na gani, kuma shi ya fi karya ni. Ni da nake ba da umarni a bi, na koma in na miƙa hannu zan ɗauki buta sai wani ya riga ni. Ana shawara a gida, ana sassauta murya kada a ɗora mini nauyi. Masu zuwa dubiya kowa "sannu, Allah ya sa kaffara ne", kuma na san da zuciya ɗaya suke faɗa, Allah ya saka musu. Amma ba wanda yake neman wani abu a wurina. Babu wanda zai ce wane bai zo ba, aiki ya tsaya. Da dare ga mafarkin abin da ya faru, da rana ga zaman ɗaki. Na daina fita, har jam'i na daina zuwa don kada a yi ta matsa mini wuri.

Wani abokin aikina da shi ma aka yanke ne ya matsa mini har na bi shi filin atisaye. Abin da ya fara taɓa ni a wurin, koci ne ya daka mini tsawa saboda na bar ɗan wasan da aka ce in tsare ya wuce. Tsawa sosai, irin wadda ake yi wa mai lafiya. Tun da na ji rauni ba wanda ya ɗaga mini murya. Na faɗi ƙasa, ba wanda ya rugo ya ɗaga ni, sai ji na yi ana cewa tashi, wasa bai ƙare ba. Na tashi.

Wannan shi ne abin da atisayen asibiti ba zai ba ka ba, Baba. A asibiti kai majinyaci ne, ana yi maka. A fili kai ɗan baya ne, in ba ka zo ba za a ci ƙungiyarku, kuma za a kira ka a waya a tambaye ka dalili. Ina ganin ɗan Adam yana iya jure rashin ƙafa, amma da wuya ya jure a ce ba a buƙatarsa.

Abu Safiyya:
Allahu akbar. Yallaɓai, Allah ya ƙara lafiya, ya saka maka da hidimar da ka yi. Ban taɓa kallon abin ta wannan fuska ba. Amma yaya ake wasan ma? Da ƙafar robar ake bugawa?

Ɗan Ƙwallo:
A'a Yaya, cire ta ake yi. Mutum bakwai-bakwai ne. Shida na cikin fili masu ƙafa ɗaya ne, kowa da sanduna biyu irin masu kama damtse, shi kuma gola mai hannu ɗaya ne da ƙafa biyu, kuma ba ya fita daga da'irarsa. In ka taɓa ƙwallo da sanda da gangan, hukuncinsa ɗaya da taɓawa da hannu. Haka in ka buga da dungun. Minti 25 ake yi a juya, babu satar gida, filin kuma ƙarami ne, kamar mita 60 da 40. Wani Ba'amurke mai suna Don Bennett ne ya faro shi a birnin Seattle a farkon shekarun 1980, shi ma ƙafa ɗaya gare shi.

Ku nemi bidiyon wasan ku kalla, ba abin tausayi ba ne ko kaɗan. Mutum zai dogara a kan sanduna ya ɗaga jikinsa gaba ɗaya sama ya sheƙa ƙwallo. A 2017 Turkiyya ta ci Ingila 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin Turai a Istanbul, gaban 'yan kallo wajen dubu 40, kuma kyaftin ɗinsu Osman Çakmak da ya ci ƙwallon nasara tsohon soja ne da ya taka nakiya. A 2018 Angola ta ɗauki kofin duniya a Meziko, ta doke Turkiyyar a bugun fenareti. Angola fa, ƙasar da ta yi yaƙin basasa daga 1975 har 2002, wadda har yau ake tono nakiyoyi a gonakinta. A 2022 Turkiyya ta rama a gida da ci 4 da 1. Gana ma ba baya ba ce, ita ta ci kofin Afirka na farko da aka yi a Freetown a 2007.

Malamin Tarihi:
Tun da an ambaci Freetown, ina so mu tsaya a nan, domin Saliyo ce hujjar ɓangarorin biyu. Yaƙinsu daga 1991 zuwa 2002 ne, kuma a can ba tsautsayi ba ne ya raba mutane da gaɓoɓinsu. 'Yan tawayen RUF da gangan suke sare hannuwa da ƙafafun fararen hula da adda, don su tsorata jama'a. A 2001, tun yaƙin bai gama lafawa ba, waɗanda aka yi wa haka suka kafa ƙungiyar ƙwallon masu ƙafa ɗaya a Freetown, suna atisaye a bakin teku. Sun zagaya ƙasashe, sun yi suna, mutanen da ake kauda kai daga gare su a titi suka zama masu riƙe tutar ƙasa. Wannan gaskiya ne, ba mai musu.

Amma ga ɗaya gefen. Hukumar gaskiya da sasantawa ta ƙasar ta fitar da rahotonta a 2004, ta ba da shawarar a riƙa ba waɗanda aka yanke magani kyauta da fansho. Shekara da shekaru suna kukan ba a cika musu yadda aka faɗa ba, da yawansu kuma cikin talauci suka ci gaba da zama. Abin da nake tsoro shi ne gwamnatoci su samu mafaka a wasan. Sayen riguna da kofi ya fi biyan fansho araha, kuma ya fi kyau a talabijin. Saboda haka tambayar Abu Safiyya tana nan daram, ba a amsa ta ba.

Baba Alhaji:
Yauwa Malam, abin da nake nufi ke nan.

Saje Mai Ritaya:
Malam, ban musa ko ɗaya ba. Haƙƙi haƙƙi ne, ƙwallo ba ta biyan kuɗin makaranta. Amma ina so ka lura da wani abu. Wa yake zuwa ofis ya nemi haƙƙin? Wanda ya kulle kansa a ɗaki ba ya zuwa. Ni takarduna sun daɗe a ajiye, ban bi ba, don ba na son a gan ni da sanda a layi. A filin atisaye na haɗu da waɗanda suka riga ni bi, suka nuna mini ƙofar da ake shiga da takardar da ake nema, muka tafi tare. A nan ake jin wane mai gyaran ƙafar roba ne ya iya aiki, ina ake koyar da sana'a, wa yake neman ma'aikaci. Mutum goma masu sanduna in suka shiga ofis tare, ba a ce musu ku dawo gobe da sauƙi irin yadda ake ce wa mutum ɗaya. Jarin da Baba yake magana, na ga an ba wanda zuciyarsa ta mutu, ya cinye ya koma ya kwanta. Ba lalaci ba ne, bai ga goben da zai yi wa tanadi ba.

Anti Mai Gashin Ƙashi:
Kuma inda aka yi abin da kyau, ba a raba su gida biyu. Dubi cibiyoyin Red Cross na Afganistan, inda Alberto Cairo, ɗan Italiya mai irin aikina, ya shafe sama da shekara 30. A wuri ɗaya ake yin ƙafar roba, a koyar da sana'a, a ba da ƙaramin rance, a kuma buga ƙwallon kwando a kan keke. Yawancin ma'aikatan wurin su ma masu naƙasa ne da aka taɓa yi wa jinya a nan. Wanda yake auna maka dungu, in ya ɗaga wandonsa sai ka ga shi ma roba ce. Wannan kaɗai ya fi dogon wa'azin da ni mai ƙafa biyu zan yi maka.

Maman Hanifa:
Ina ta karantawa, tun ɗazu "samari" da "sojoji" kawai nake gani. Nakiya ba ta tambayar namiji ne ko mace. Mafi yawan waɗanda take kamawa fararen hula ne, manomi da mai ɗebo itace da yaro mai kiwo, kuma tana nan a binne shekaru bayan an sa hannu a kan sulhu. Yarjejeniyar Ottawa ta haramta ta tun 1997, amma wadda aka riga aka binne ba ta san da wannan ba. Gasar Invictus da Yarima Harry ya faro a Landan a 2014 abu ne mai kyau, amma ta sojoji ce zalla. Yarinyar da aka yanke wa ƙafa tana da shekara tara fa? Ita ba ta da fansho, ba ta da abokan aiki, kuma ita ce aka fi ɓoyewa a ɗaki don kada a gani. Namiji in ya rasa ƙafa a yaƙi ana iya kiransa jarumi. Mace ana fara lissafin wa zai aure ta.

Ɗan Ƙwallo:
Gaskiya ne Mama, an bar mata a baya sosai. Sai a 2024 aka yi kofin duniya na farko na mata masu ƙafa ɗaya, a Barranquilla ta Kolombiya, masu masaukin kuma suka ɗauka. Amma a ƙwallon raga ta zaune sun daɗe a ciki. Matan Ruwanda sun je gasar Rio a 2016.

Malamin Tarihi:
Ƙwallon ragar nan ta zaune ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. A ƙasar Holan aka ƙirƙiro ta a 1956, ta shiga gasar naƙasassu ta duniya a 1980. Ku duba waɗanda suka mamaye ta a ɓangaren maza: Iran, wadda ta yi yaƙi da Iraƙi daga 1980 zuwa 1988, da Bosniya, wadda ta fito daga yaƙi a 1995 da dubban waɗanda aka yanke, ta kuma ci zinare a 2004 da 2012. Ba a banza ba. Sannan tawagar maza ta Ruwanda da ta je Landan a 2012, a cikinta akwai waɗanda suka yi yaƙi a ɓangarori biyu masu gaba da juna, kowa ya rasa ƙafarsa a can, suka dawo suna zaune a ƙasa ɗaya wannan yana ɗaga wa wancan ƙwallo. Duk da tsoron da na faɗa ɗazu, wannan kam ban san wani taron sulhu da zai iya yin sa ba.

Maman Hanifa:
Kuma ba ta da tsada ko?

Ɗan Ƙwallo:
Ita ce mafi sauƙi. Raga, ƙwallo, da daɓe mai santsi, mita 10 da 6. Ba keke, ba sanda. Ana iya yi a cikin gida inda mata za su sake. Ƙwallon kwando ce mai cin kuɗi, don kekenta daban ne, tayoyinsa a karkace suke.

Wani Bawan Allah:
Ku yi haƙuri ban sa sunana ba. Ni ba soja ba ne, harsashi ne ya same ni muna gudu, aka yanke daga cinya. Maganar da zan yi ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Na gaji da a riƙa turo mini bidiyon masu ƙafa ɗaya suna cin kofi, ana cewa ka ga wane, kai me ya hana ka. Ni tun ina da ƙafa biyu ban damu da ƙwallo ba. Yanzu kuma sai a ce in ban zama gwarzo ba, ban yi tawakkali ba? Da dare ƙafar da babu ita take yi mini zogi, har yatsun nake ji, in na faɗa a ce waswasi ne. Wanda bai yi barci ba za a ce ya je ya yi gudu da sanda.

Anti Mai Gashin Ƙashi:
Ƙanena, sannu. Da farko, zogin nan ba waswasi ba ne, kuma ba taɓin hankali ba ne. Yawancin waɗanda aka yanke wa gaɓa suna jin sa. Jijiyoyin da aka yanke suna ci gaba da aika saƙo, ƙwaƙwalwa kuma ba ta goge wurin ƙafar ba. Ana rage shi: akwai magungunan ciwon jijiya da likita yake rubutawa, akwai ɗaure dungu da bandeji yadda ya kamata, akwai atisayen madubi, inda ake sa madubi tsakanin ƙafafu kana motsa mai lafiyar kana kallonta kamar ita ce ɗayar, yana taimakon wasu. Don Allah ka faɗa wa likita da bakinka kamar yadda ka rubuta a nan. In kuma baƙin cikin ya kai ga ba ka son ci, ba ka son ganin kowa, ko kana jin gara mutuwa, wannan ciwo ne mai magani, a ga likitan ƙwaƙwalwa, ba fili za a tura ka ba.

Na biyu, kana da gaskiya. Masu turo maka bidiyon nan suna ganin ƙarfafa ka suke yi, amma nauyi suke ƙara maka. Cikin masu zuwa atisaye 'yan kaɗan ne za su taɓa sa rigar ƙasa, kuma ba don kofin aka fara ba.

Saje Mai Ritaya:
Ɗana, ni ba zan ce ka buga ƙwallo ba. Abin da ya tashe ni ba fatar ƙwallon ba ce, mutanen ne, da kuma cewa ana jirana. A cikinmu akwai wanda bai taɓa shiga fili ba, shi ne mai rubuta sunaye da riƙe agogo. Akwai mai gyara mana robar ƙasan sanduna, don tana saurin cinyewa, yanzu da wannan aikin yake ci. In ka samu irin wannan a wurin karatu ko wurin sana'a, ya wadatar. Amma zogin nan da kake faɗa, a can ne na fara faɗarsa aka ce mini "ni ma", ba wanda ya kalle ni kamar na zautu. Zaman da ake yi a gefen fili bayan an tashi, ana cire sanduna ana shafa kafaɗa, a nan ake maganar da ba a iya yi da mata ko uwa.

Abu Safiyya:
Na karɓi maganar Yallaɓai da ta Anti. Amma ina nan a kan tsoron da Malamin Tarihi ya faɗa, ga kuma sharaɗina: duk ƙungiyar da ta zo da riguna da masu ɗaukar hoto, a tambaye ta wa zai biya kuɗin mota zuwa atisaye bayan sun tafi, wa zai canza ƙafar yaro in ya girma ta matse shi.

Wani Bawan Allah:
Na gode Anti, na gode Baba Saje. Tambaya ɗaya. Dunguna har yanzu yana ɗan tsatsafar da ruwa a gefe ɗaya. In mutum zai je, ko da kallo ne da ɗan gwadawa, sai yaushe?

Anti Mai Gashin Ƙashi:
Kallo ko gobe ka je. Gwadawa kuwa sai ciwon ya rufe ruf, kumburi ya sauka, likitanka ya duba ya amince. Ruwan nan kada ka bar shi, ka kai a gani cikin makon nan, musamman in yana wari, ko wurin ya yi ja, ko kana jin zazzaɓi. Kafin nan ka riƙa kwanciya rub da ciki na ɗan lokaci kullum don kada ƙugun ya ƙage, kuma kada ka saba tokare dungun da matashi. Ka fara ƙarfafa kafaɗa da hannu daga zaune, domin su za su ɗauki nauyinka a kan sanda, kuma su ne suka fi jin ciwo a wannan wasan. In gudu da sanda bai kwanta maka ba, ka fara tambaya ko akwai masu ƙwallon raga ta zaune kusa da kai, wanda aka yanke daga cinya yana yin ta ba tare da matsala ba.